Daga ina hasken allo yake fitowa? Amsa kan na'urorin fitarwa da ire-iren allon kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon kwamfuta. An koya mana cewa allo da firinta da sifika duk na'urorin fitar da bayani ne. Na haddace, amma ban gane abin da ya haɗa su ba. Sannan sunayen allo sun ruɗa ni: CRT, LCD, LED, OLED, QLED. Wani ya gaya mini cewa LED da LCD abu ɗaya ne, wani ya ce sam ba haka ba ne. Ina son sayen allo don karatu da rubutu, na rasa wanda zan ɗauka.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wanda ya ce maka LED da LCD abu ɗaya ne shi ya fi kusa da gaskiya, kuma zan kawo maka dalili. Amma bari mu fara da abin da ka ce ka haddace ba ka gane ba, domin a nan saiwar take.

Kwamfuta ba ta san hoto ba, ba ta san murya ba, ba ta san harafi ba. Abin da ke cikinta lambobi ne, sifili da ɗaya, su ma a zahiri wutar lantarki ce da ake kunnawa ana kashewa a cikin ƙananan makunnai masu ɗimbin yawa. Kai kuwa ba ka da wata gaɓa da za ka ji wannan da ita. Ido gare ka, da kunne, da fata. To duk na'urar da ta karɓi lambobin nan ta juya su zuwa abin da ɗaya daga cikin gaɓɓanka za ta iya kamawa, ita ce na'urar fitarwa. Tafinta ce tsakaninka da injin. Allo yana yi wa ido tafinta, sifika tana yi wa kunne, ɗan injin da ke girgiza waya idan an kira ka yana yi wa fata. Akwai ma na'urar da makafi ke amfani da ita, wadda ke tura ƙananan ƙusoshi sama da ƙasa su zama rubutun Braille, a karanta da yatsa. Idan ka haɗu da na'urar da ba ka taɓa gani ba, tambayi kanka: bayani daga kwamfuta yake zuwa wurina ta nan, ko daga wurina yake tafiya? Allon waya da kake shafawa yana aikin biyu, domin abubuwa biyu ne aka manne wuri ɗaya: na ƙasa yana nuna hoto, na sama yana jin inda yatsanka ya taɓa.

Sifika ba ta da wahalar fahimta. Ana mayar da lambobi su zama wutar da ke hawa tana sauka, wutar ta bi ta cikin naɗaɗɗiyar waya da ke kusa da maganaɗisu, wayar ta yi ta kai da komo, ta ja wani faifai mara nauyi, faifan ya kaɗa iska, kunne ya ji sauti. Firinta kuwa iri-iri ce: akwai mai fesa ɗigon tawada, akwai mai leza wadda ke liƙa garin tawada a takarda da zafi, akwai ta rasit wadda ba ta da tawada sam, takardar ce ke baƙi idan zafi ya taɓa ta. Abu ɗaya nake so ka riƙe a kan firinta: launin da ta fitar ba ya zuwa daidai da wanda ka gani a allo, kuma ba lalacewa ba ce. Allo haske yake haɗawa, ja da kore da shuɗi, idan suka haɗu duka sai a sami fari. Tawada kuwa shanye haske take yi, kana ƙara launi kan launi takardar na ƙara duhu. Hanyoyin biyu ba za su taɓa haɗuwa ɗari bisa ɗari ba.

Yanzu allo. Kowane hoto da kake gani a kansa tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel, kowane fiksel kuma ya kasu uku, ja da kore da shuɗi. Ɗiga ruwa kaɗan a kan farin allon kwamfuta, ɗigon ruwan zai girmama maka su ka gan su da idonka. Idan kowane launi yana da matakin haske 256, to haɗuwarsu na ba da launi 16,777,216. Wannan kusan duk allo mai launi haka yake. Inda suka rabu tambaya ɗaya ce: daga ina hasken yake fitowa? Amsar gida uku ce. Wani allon kowane ɗigo nasa shi ke samar da haskensa. Wani kuma fitila ce a bayansa, ɗigon aikinsa kawai ya buɗe wa haske hanya ko ya tare. Na uku ba shi da haske nasa, na ɗaki ko na rana yake mayarwa kamar takarda. Duk sunan da ka ji, nemo masa gidansa cikin ukun nan, ruɗanin zai kau.

CRT shi ne tsohon allo mai ƙaton ƙeya. Asalinsa kwalbar da Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. Kwalbar gilashi ce da aka zuƙe iskar cikinta, a can ƙeyar akwai abin da ke harbo ƙwayoyin lantarki, maganaɗisu na karkatar da su suna share fuskar allon layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. An shafa wa cikin gilashin wani sinadari mai walƙiya idan ƙwayoyin suka buge shi. Saboda saurin sharar, ido yana ganin cikakken hoto alhali ɗigo ɗaya ne ke gudu. Yana cikin gida na farko. Launinsa na da kyau, motsi ba ya jan wutsiya a kansa, amma ga nauyi, ga cin wuta, ga zafi. A ƙarshen 2007 ne cinikin talabijin na LCD ya zarce na CRT a duniya, daga nan ya yi ta ja baya. Ina roƙonka, idan ka tsinci tsohon CRT kada ka buɗe shi don ganin ciki. Mai launi yana aiki da ƙarfin wutar da ke kaiwa kusan bolt 25,000, yana iya riƙe caji bayan an zare shi daga soket, gilashinsa na ɗauke da dalma, kuma idan kwalbar ta fashe tarwatsewa take yi.

Filasma ma na wannan gida. An ƙirƙiro shi a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1964, kowane ɗigo ɗan ɗaki ne mai iskar gas da wuta ke kunnawa. Ya yi tashe a manyan talabijin, sannan Panasonic da Samsung da LG suka daina ƙera shi a wajajen 2014. Ba za ka same shi sabo ba, don haka mu wuce.

LCD shi ne inda ya kamata mu zauna, domin mafi yawan allon kwamfuta da za ka gani shi ne, ko da wane suna aka rubuta a kwali. Labarinsa ya faro daga wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, wanda a 1888 ya lura da wani sinadari mai narkewa sau biyu: ya fara zama ruwa mai gurɓi-gurɓi, sai da aka ƙara zafi ya zama garau. Wannan hali na tsakiya, yana gudana kamar ruwa amma ƙwayoyinsa na jere kamar na daskararren abu, shi ake kira ruwan kiristal. An shafe shekaru kusan tamanin kafin a yi allo da shi. George Heilmeier da abokan aikinsa a kamfanin RCA suka nuna na farko a 1968, sannan Martin Schadt da Wolfgang Helfrich a Suwizalan suka yi rajistar dabarar murɗa ƙwayoyin a 1970, ita ce ta shiga agogon hannu da kalkuleta.

Ga yadda yake aiki. Haske yana tafiya yana kaɗawa ta kowace fuska, a tsaye, a kwance, a karkace. Akwai wata leda ta musamman da ke tace shi, ba ta barin komai ya wuce sai mai kaɗawa ta fuska ɗaya, kamar ƙarafunan taga da ke tsaye: faffaɗan katako zai shige tsakaninsu idan ka tsayar da shi, ba zai shige ba idan ka kwantar. Ka sa irin ledar nan biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, duk abin da ya tsallake ta farko ta biyu za ta tare shi, sai duhu. To a tsakaninsu ake zuba ruwan kiristal. Ƙwayoyinsa a murɗe suke, suna kama hasken da ya shigo a tsaye su juya shi ya kwanta, sai ya wuce leda ta biyu, ɗigon ya yi haske. Da an sa masa wuta, ƙwayoyin su miƙe, su daina juya hasken, ɗigon ya yi duhu. Wuta kaɗan, duhu kaɗan. A gaban kowane ɗigo akwai matacin launi, ja ko kore ko shuɗi, a gefensa kuma akwai ɗan makunni nasa shi kaɗai. Allo mai fiksel 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da fiksel 2,073,600, wato ƙananan ƙofofi 6,220,800, kowacce ana buɗe ta ana rufewa gwargwadon yadda hoto ya buƙata, sau sittin ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Na daɗe ina wannan aiki, har yau idan na tuna adadin nan sai na jinjina. Idan kana da tabarau na rana mai tace haske, riƙe shi a gaban allon LCD ka juya shi a hankali, za ka ga inda allon zai yi baƙi ƙirin.

Ka lura, ruwan kiristal bai samar da haske ko ƙanƙani ba. Mai gadin ƙofa ne. Dole a sa fitila a baya, kuma a nan amsar tambayarka take. Da farko siraran kwan fitila masu tsawo ake sawa, masu ɗauke da zaiba a ciki. Daga baya aka maye gurbinsu da ƙananan fitilun LED, waɗanda ba sa cin wuta sosai, ba su da zaiba, kuma sun bari allo ya sirance. Hakan ya yiwu ne bayan Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura sun samar da LED mai shuɗin haske, wanda daga shi ake samun farin, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Masu talla suka ɗauki sunan fitilar suka liƙa wa allon gaba ɗaya. Saboda haka abin da ake kira allon LED, LCD ne mai fitilar LED a baya, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Allon LED na haƙiƙa, wanda kowane ɗigo fitila ce, shi ne ƙaton nan da ake kafawa a filayen ƙwallo da allunan talla na kan titi.

QLED ma ɗan gidan nan ne. LCD ne da aka ƙara wa wani shimfiɗi na ƙwayoyi ƙanana matuƙa, waɗanda idan shuɗin haske ya buge su sai su fitar da ja ko kore tsantsa, gwargwadon girman ƙwayar. Launi yana ƙara fitowa rangaɗau, kuma binciken ƙwayoyin ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023, amma fitilar baya na nan. Mini-LED kuwa an yawaita fitilun ne aka raba su shiyya-shiyya, domin a rage hasken shiyyar da hoto ke da duhu. Wannan ƙoƙari ne na magance rauni ɗaya: ƙofar LCD ba ta rufuwa ruf, haske na zurarowa, shi ya sa idan ka kashe fitilar ɗaki baƙin allon ke komawa toka-toka.

Haruffan da suka fi waɗannan muhimmanci a wurin mai saye su ne TN da IPS da VA, kuma sau da yawa a ƙananan rubutu ake ɓoye su. Suna nufin yadda aka jera ƙwayoyin kiristal. TN shi ne mai murɗawar da na bayyana, yana da sauri da araha, amma ka ɗan sunkuya ko ka kalle shi ta gefe sai launi ya juye. IPS, wanda Hitachi ya fito da shi kasuwa a 1996, ƙwayoyinsa a kwance suke juyawa, launi na nan daram ta duk inda ka kalla, sai dai baƙinsa bai da zurfi. Farinsa ya ninka baƙinsa kamar sau 1,000. VA ya fi shi zurfin baƙi, yakan kai ninki 3,000, amma wani lokaci motsi mai sauri a wuri mai duhu na barin inuwa a baya.

OLED ya dawo da mu gida na farko, kuma duk da kamar suna, shi da QLED hanyar jirgi daban ta mota daban. Ching Tang da Steven Van Slyke suka gabatar da shi a kamfanin Kodak a 1987. Siraran shimfiɗu ne na sinadarai masu kabon da ke haske da kansu idan wuta ta ratsa su. Babu fitilar baya. Ɗigon da aka ce ya yi baƙi kashe shi ake yi ɗungurum, don haka baƙinsa baƙi ne na gaske. Shi ya sa sanya waya a yanayin duhu ke rage cin batir idan allonta OLED ne, amma a LCD kusan ba ya rage komai, tunda fitilar na ci ko an rufe ƙofofin. Ana iya shimfiɗa shi a kan roba mai lanƙwasuwa, daga nan aka sami wayoyin da ake naɗewa. AMOLED da kake gani a bayanin waya OLED ne mai makunni a kowane ɗigo. Rauninsa tsufa: ɗigon da ya fi aiki ya fi saurin dushewa, shuɗi kuma ya fi sauran gajiya. Abin da ya daɗe wuri ɗaya bai motsa ba, kamar layin gumakan da ke ƙasan allon kwamfuta, yana iya barin tabo da ba ya gogewa. Kamfanoni sun rage matsalar ƙwarai, amma ba ta ɓace ba. Akwai kuma MicroLED mai son haɗa baƙin OLED da ƙarkon LED, sai dai ƙera shi na da wuya har yanzu.

Gida na uku shi ne tawadar lantarki, irin ta na'urar karatu ta Kindle da ta fito a 2007. Ƙananan ƙunsoshi ne masu ɗauke da ƙwayoyi farare da baƙaƙe, wuta ta turo waɗanda ake so sama, su tsaya a nan ko an ɗauke wutar. Ba ta cin batir sai lokacin juya shafi, kuma rana na ƙara ƙarfi tana ƙara fitowa. Ga dogon karatu ban san abin da ya kai ta sauƙi a ido ba, amma tana da nawa, ba ta dace da bidiyo ba. Majigi kuwa yana jefa haskensa ne a bango. Wasu LCD ne a cikinsu, wasu kuma na DLP, ƙirƙirar Larry Hornbeck a Texas Instruments a 1987, ƙananan madubai ne bila adadin ke karkacewa suna tura haske ko kau da shi.

To wanne za ka saya? Ga karatu da rubutu, shawarata IPS. Rubutu abu ne da ke tsaye wuri ɗaya tsawon sa'o'i a kan farin shafi, wato daidai aikin da ke gajiyar da OLED, kuma zurfin baƙin da za ka biya kuɗi dominsa ba zai amfane ka a farin shafi ba. Sannan kada girman inci ya ja ka shi kaɗai, ka auna shi da yawan ɗigo. Allo mai inci 24 da 1920 sau 1080 yana ba da ɗigo kusan 92 a kowane inci, ya wadatar. Wannan adadin a inci 27 ya koma kusan 82, haruffa su fara nuna kaushi. Idan inci 27 kake so, nemi 2560 sau 1440, wanda ke ba da kusan 109. Mai 3840 sau 2160, wato 4K, ya ninka na farkon sau huɗu, rubutu na fita kamar an buga a littafi, amma ka tabbata kwamfutarka za ta iya ɗaukarsa. Lambar da ake rubuta Hz a gabanta tana nufin sau nawa ake sabunta hoto a daƙiƙa. 60 ko 75 ya ishe ka, 144 zuwa sama na masu wasannin kwamfuta ne. Ka fifita fuskar da ba ta ƙyalli, domin mai ƙyalli madubi take zama idan taga na bayanka. Ka fifita mai ƙafar da ake ɗagawa a sauke, saboda saman allo ya daidaita da idonka ko ya ɗan gaza, nisansa kuma kamar tsawon hannunka. Wasu allunan suna rage haske ta hanyar kunna fitila da kashewa cikin sauri, abin da ke gajiyar da idon wasu mutane, don haka idan an rubuta cewa ba ya ƙyafƙyafta, ƙari ne mai amfani.

Kada ka raina wayar haɗi. An taɓa kawo mini allo sabo fil ana cewa rubutunsa dishi-dishi, har mai shi ya yanke shawarar mayarwa. Da na duba, lafiyarsa ƙalau. An haɗa shi ne da tsohuwar wayar VGA, mai shuɗin kai da ƙusa 15, wadda ta fito tun 1987 kuma ba lambobi take ɗauka ba, sai an mayar da hoto wuta mai hawa da sauka sannan allon ya sake mayar da shi lambobi. Ga shi kuma an saita kwamfutar a kan adadin ɗigon da bai kai na allon ba. LCD da OLED ɗigonsu a ƙirge yake, idan ka ba su hoton da bai yi daidai da adadinsu ba sai sun ja shi sun baza, kaifinsa ya tafi. Muka sa HDMI, muka mayar da saitin kan adadinsa na asali, mai shi ya ce kamar an canza masa allo. Yi amfani da HDMI ko DisplayPort ko USB-C, kuma idan rubutu ya yi maka ƙanana, ƙara girman haruffa a saiti, kada ka rage yawan ɗigo.

Ranar da za ka karɓa, sa a kunna maka shi. Cika fuskar da fari, sannan baƙi, sannan ja, kore, shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, kana dubawa kusa-kusa. Ɗigon da ya mutu zai fito baƙi a kan fari, wanda ya maƙale zai yi ta haske a kan baƙi. A kan baƙin ka duba gefuna da kusurwoyi ko haske na zubowa da yawa, a kan farin ka duba ko wani ɓangare ya fi wani rawaya. Sannan ka buɗe shafin rubutu mai ƙananan haruffa ka karanta na minti biyar a nisan da za ka riƙa zama.